Doguwa ba ta shiga karta

"Kai ɗan nan, rufe bakinka, miƙo mini kartar!"

Wata tsohuwa ce daga Lugu ta katse ni jiya a teburin shayina, nan Dogon Dutsi, ina tsakiyar zage-zage da mutanen gari.

Abin da ya faru, na sayi karta mai dabara, an ɗan rage tsawon rabinta, duk wadda ka zaɓa sai in faɗa maka ita. Wasa ne kawai. Sai gari ya ɗauka wai doguwa ce ke raɗa mini, wai har a shayi nake saka wani abu. Benci ya koma wayam, ruwa na tafasa a banza. Na nuna musu dabarar, suka ce wayon iska ne.

Tsohuwar kuwa, da ganinta ka san 'yar bori ce. Ta shafa gefen kartar da babban yatsa, ta yi tsaki.

"Doguwa ta rasa wurin zama sai takardar kanti? Ku bar zaginta hakanan! Yaro, zuba mini shayi, ka cika madara."

Ta shanye a gabansu. Yau kafin hantsi burodi ya ƙare.

Inna, ko sunanki ban tambaya ba, bakina yana can wajen faɗa. Na gode, Allah shi ƙara lafiya.

'Yan Lugu, wa ya san ta? Ku gaishe mini da ita.