Katifar da Na Kai Mando

Da aka sallame mu daga soja bayan yaƙin basasa, na dawo Kaduna da ƙafafuna da hannuwana, ba abin da ya ragu a jikina sai kunnen hagu da ya daina ji. Mutane suka yi ta zuwa yi wa mahaifiyata barka. Ina zaune a kan tabarma, a miƙo mini hannu in karɓa, a ce in gode wa Allah in ce alhamdulillahi. Bakina ne kawai yake faɗa. Ba baƙin ciki nake yi ba, ba kuma murna ba. In an ajiye mini tuwo in ci, in ba a ajiye ba ba na tambaya. Miyar kuka da ta kuɓewa duk ɗaya suke a harshena.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, shi ya sa muke zaune a gidan ƙanin mahaifiyata a Kinkinau. Kawu ɗinkin katifa yake yi a Babbar Kasuwa. Gajeren mutum ne, mai tarin da ƙurar auduga ta sa masa, ba ya son doguwar magana. Ya ƙyale ni na yi ta zama a gida har damina ta wuce. Wata safiya ya fito da kekensa, ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi mu je. Zaman nan ya isa."

Aikin ya dace da ni, don ba ya bukatar tunani. A kawo tsohuwar katifa, in farke ta, in zazzage audugar da ta dunƙule, in shanya ta a rana a bayan rumfa, in yi ta bugun ta da sanda har ta tashi ta yi laushi. Sannan Kawu ya cusa ta a sabon yadi ya ɗinke da basilla. Na kan yini ina bugu, gashina da girata su yi fari fat. In jirgin sojan sama ya taso daga Mando ya bi ta kan kasuwa, sai in tsaya cak da sandar a sama har ƙarar ta ɓace. Kawu yana gani, sai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Sallah kuwa ban bari ba. In an kira, mu wanke hannu mu shiga sahu a ɗan masallacin layinmu. In an yi ruku'u in yi, in an yi sujada in yi. Wata rana bayan azahar, muna zaune yana ɗinki, na ce masa, "Kawu, ni fa sallar nan da nake yi ba na jin komai a cikinta. Da ita da bugun auduga duk ɗaya ne a wurina."

Ya yi tari ya tofar. Ya ce, "Ka bar ta?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ƙara da cewa, "Wanda kake yi dominsa yana ji. Miƙo mini zaren nan."

Na miƙa masa. Maganar ba ta yi mini komai ba a lokacin, na dai riƙe ta.

Ana cikin bazara wata dattijuwa ta zo rumfarmu, ɗan dako na biye da ita ɗauke da katifa. Kirista ce, daga ƙasar da a lokacin muke kira kudancin Zariya, mijinta malamin makarantar firamare ne, suna zaune a Mando. Ta zaɓi yadi mai ratsin shuɗi, ta ce wa Kawu, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Kada a canza audugar. Wadda take ciki nake so a mayar."

Kawu ya ce audugar ta tsufa, in an haɗa da sabuwa za ta fi daɗin kwanciya. Ta ce ta sani, a dai mayar da ita. Ni na farke katifar, ni na buge ta, ban tambayi kaina dalili ba.

Da aka gama, Kawu ya naɗe ta ya ɗaure a bayan keke, ya ce in kai mata. Rana ta take sosai, hanya ga nisa. Na yi tambaya har na sami gidan, ɗan ƙaramin gida mai darni, da bishiyar mangwaro a ƙofa. Na yi sallama ta fito. Na kwance katifar na shigar mata da ita wani ɗaki da babu komai a ciki sai gadon ƙarfe. Ta ce 'yarta ce za ta zo haihuwa gida, a nan za ta kwana.

Zan fita ke nan ta dubi ƙafata. Takalmin soja ne a ƙafar, wanda na dawo da shi, don ba ni da wani mai ƙwari.

Ta ce, "Ɗana, ka je yaƙin nan?"

Na ce, "Na je, Mama."

Ta ce nata ɗan ma ya je, bai dawo ba. Ta faɗi sunansa, ta kwatanta mini shi, dogo ne, baƙi, mai wushirya, yana son waƙa. Ta ce ko na taɓa haɗuwa da shi. Na duba cikin fuskokin da na sani, ban same shi ba.

Na ce, "Ban san shi ba, Mama. Muna da yawa."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ne." Sai ta dafa katifar ta ce, "Tasa ce."

Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na nufi keke. Ta ce ba inda za ni sai na ci abinci. Na ce a ƙoshe nake. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Ta shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaron, ta kawo faten acca a kwano yana tururi, da ruwan randa a moɗa. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta gefen kunnena mai ji. Kafin in sa cokali ta sunkuyar da kai ta rufe ido, ta yi addu'a irin tasu, a hankali. Ta gode wa Ubangiji saboda abincin, da 'yarta da ke tafe. Sannan ta ce, "Na gode maka da ka mayar wa wata mata da ɗanta."

Ta buɗe ido ta ce, "Ci mana, zai huce."

Na yi bisimilla na kai cokali baki. Tsamin yakuwa ya kama mini muƙamuƙi har sai da na runtse ido. Bayansa na ji ɗacin gauta, na ji gyaɗar da aka daka a ciki. Rabon da in san abin da ke bakina tun kafin a ɗauke mu zuwa bakin daga. Na cinye, ta ƙara mini, na cinye. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Hira ta yi ta yi mini a kan kajinta da shaho ya addaba. Da zan tafi ta ƙulla acca a tsumma ta ce in kai wa mahaifiyata.

Ba zan ce na koma gida wani mutum daban ba. Washegari na buga auduga kamar kullum, jirgi ya wuce na tsaya kamar kullum. Sai dai da na miƙa wa mahaifiyata ƙullin nan na gaya mata daga inda ya fito, na kalle ta sosai, kallon da ban yi mata ba tun dawowata. Ta rame, furfura ta cika mata goshi. Duk shekarun da ba na nan tana nan tana jira, ni kuwa na dawo na zauna mata kamar turmi. Ranar da magariba, da na ce alhamdulillahi bayan sallama, na san abu ɗaya tak da nake nufi, wato mahaifiyata ta ga dawowata da idonta. Daga nan abubuwan suka riƙa ƙaruwa, sannu sannu, wani lokaci a yi wata guda ba ƙari. Sanyin ruwan alwala da asuba. Inuwar rumfa. Tarin Kawu in ya lafa masa.

Bayan wasu shekaru katifar soso ta cika kasuwa, aikinmu ya ja baya, muka koma ɗinkin matashin kai. Kawu bai yi ƙorafi ba, ni ma na tarar ba ni da shi. Abin da muke samu yana ciyar da gida, na yi aure a cikinsa. Har yau akwai wani wuri a ƙirjina da bai farka ba, na kuwa daina jiran sa.

Mahaifiyata ba ta bar maganar matar nan ta wuce haka ba. Tun a shekarar da na kai katifar, da ta ji 'yar matar ta haihu, ta daka yaji, ta nemi sabulu da 'yar riga, ta ce in raka ta Mando barka. Muka shiga mota muka je. Suka gaisa a tsakar gida kamar sun daɗe da sanin juna, suka shige ɗaki wurin mai jego, aka bar ni a waje. Ina jiyo su suna gardama a kan maganin ciwon gwiwa, ɗaya ta ce man shanu, ɗaya ta ce man kaɗanya, har suka fashe da dariya. Mai gidan ya dawo daga makaranta ya same ni a ƙofa, ya ajiye kekensa, muka zauna tare muna jiran su gama.