Bandar da Guguwa Ya Fara Ci

Jama'a, yau karena ya fid da gidana kaf daga halaka!

Da safe na sayo bandar nama a kasuwar Matankari, arha kamar kyauta. Ina shiga gida na jefa wa Guguwa, karen farautata, yanka guda, kamar kullum.

Matata Hawwa ta ce, "Maigida, kullum kare kafin mutane?" Ta zuba sauran a tukunyar miya.

Kafin miya ta tafasa, Guguwa ya faɗi! Ƙafafu sun sandare, baki sai kumfa!

Na ce, "Hawwa, sauke tukunyar nan! Kada yara su taɓa!"

Na danne shi, na ɗura mishi nono da dakakken gawayi. Ya yi amai, ya ƙara. Can sai wutsiya ta motsa!

Maƙwabcinmu makiyayi ya shigo, ya juya naman ya ce, "Subhanallahi! Mushen saniya ne, wanda aka sa wa guba don kuraye!"

Mun binne miyar.

Yanzu haka Hawwa na durƙushe tana dama wa Guguwa fura da hannunta. Ni, maigida, an ce in jira!