Ranar da Muka Rasa Inda Za Mu Binne Abokina

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har da waɗanda matata ke cewa da gangan na manta su. Amma ranar da muka rasa inda za mu binne abokina ba za ta bar raina ba sai ranar da aka ɗauke ni a makara.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar Haɗeja, a bakin kogi. Ni tsohon ɗan kokawa ne, irin wanda aka fi tunawa da faɗuwarsa. Boko kuwa leƙa aji kawai na yi, na ga ba a raba komai, na fito. Da na tsufa sai aka ba ni riƙon filin wasan gari, wani tudu mai faɗi a gabas, inda muke kokawa da kaka, samari kuma su yi ta ƙwallo sauran shekara.

A shekarar da abin ya faru wani malamin jami'a ya zo ya zauna da mu tun farkon damina. Bincike yake yi a kan sauyin yanayi, da abin da hukuma ke tsarawa game da shi, da kuma yadda ake tafiyar da harkar wasanni. Kullum yana yawo da sandar awo, yana duba tsayin ƙasa da shatin ruwa a jikin itatuwa. Na ce masa, "Dakta, ruwan sama da ƙwallo, me ya haɗa su?" Ya ce, "Baba, ai a fili ɗaya suke sauka." Ni kuwa na samu abin tsokana. Na gaya masa bayana bai taɓa taɓa ƙasa ba, ya saurara da ladabi. Daga nan ya tafi wurin abokina, wanda ya shekara da shekaru yana ka da ni, ya dawo yana murmushi ya ce, "Baba, an ce bayanka ya fi ƙafarka sanin filin nan."

Sai ruwa ya zo. Ciyawar kachala ta riga ta toshe hanyar kogi, ruwan ya rasa mafita ya shigo mana gari. Gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Kowa ya kwashi abin da zai iya ya hau filin wasa, aka kafa rumfunan zana da buhu har cikin ragar ƙwallo. Maƙabarta kuwa ta nutse, ko kan itacen alama ba a gani.

Abokina dama ba shi da lafiya. A cikin rumfa a filin nan Allah ya karɓi abinsa, da hantsi. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, aka sallace shi. Bayan sallama sai sahu ya tsaya, domin ba wanda ya san inda za a nufa. An gwada sara a gefen gari, ruwa ya ɓulɓulo tun kafin a kai gwiwa.

Babban ɗansa ya ce, "A sa shi a gefen filin nan. Nan ya yi suna, nan ya cika." Wallahi abin ya kwanta mini. Ina so in riƙa fitowa da safe ina ganin kabarinsa. Liman ya ce, "Babu laifi, amma ku sani, a garin nan inda aka sa mutum ɗaya nan sauran ke bi. Daga yau wurin ya zama maƙabarta, ba a girki, ba a kwana, ba a wasa." Samari suka sunkuyar da kai. Wa zai ambaci ƙwallo a gaban gawa?

Malamin jami'ar nan ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Allah gafarta malam, a ba ni izini. Ba maganar wasa zan yi ba. Abin da na auna, da abin da dattawa suka faɗa mini, duk sun nuna ruwan nan zai riƙa dawowa. Wannan ne kaɗai tudun da ke ɗaukar garin gaba ɗaya. In ya zama maƙabarta, ina mutane za su hau in ya sake zuwa?"

Ɗan ya juyo, idonsa jawur. Ya ce, "Kai baƙo ne. Ubana ne a kwance."

Malamin ya ce, "Gaskiya ne, shi ya sa ba ni zan yanke ba. Amma akwai wata jigawa bayan gonakin shinkafa, na auna ta, ta fi nan tudu. Ba ta ɗaukar gari, amma za ta ɗauki kabari."

Sai kowa ya waiwayo gare ni, tunda ni ke riƙe da fili. Ban taɓa jin nauyin wannan riƙo ba sai ranar, don da na ɗauka aikina hura usur ne da korar awaki. Na dubi gawar, na dubi mata suna hura ɗanyen itace, tsofaffi a kan tabarmi, jarirai a goye. Sai na ce wa ɗan, "Ɗana, mahaifinka bai taɓa barin kowa ya daɗe a kwance a filin nan ba. Yana ka da kai zai miƙo hannu ya tashe ka. Ni shaida ne. Mu kai shi jigawa."

Sai ɗan ya sunkuya ya kama bakin makara.

A kwalekwale muka sa shi. Inda kachala ta yi kauri jirgin ya ƙi tafiya, sai maza suka dira cikin ruwa suna turawa. Malamin ma ya dira, ruwa har ƙirji, ciyawa tana yanka masa hannu. Ni aka bar ni a ciki ina riƙe da kan abokina, wai tsufa. Da muka isa aka sara, ƙasa ta fito a bushe har ƙasan kabari. Kafin la'asar muka rufe shi. A hanyar dawowa ɗan ya cire rawanin da ya ɗaura a ƙugu ya miƙa wa malamin ya ɗaure hannunsa. Maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan.

Da ruwa ya janye, gari ya zauna aka mai da jigawar maƙabartar damina, aka kuma hana kowa yin gini a filin. Ruwa ya sake zuwa bayan haka, mun sake hawa, ya ɗauke mu duka.

Abin da na koya shi ne, maganar inda masu rai za su fake da inda za a sa mamaci, da rani ake zama a yanke ta, lokacin da kowa idonsa a bushe yake. Mu mun bari sai da gawa tana gabanmu, kuma ba na yi wa kowane gari fatan irin wannan tsayuwa.