Takardar da Kawu Ya Miƙa

Damina shida ke nan da rasuwar kawuna, Malam Isuhu, manomin gyaɗa a wani ƙauye kusa da Bagwai. Ya tafi ya bar shari'ar gonarsa, har yau ba a yanke ta ba.

Wani ɗan kasuwa daga birni ne ya kai shi babbar kotu, wai ya sayi gonar a hannun wani ɗan'uwanmu. Kafin a saurari shaidu, alƙali ya umarci kowane ɓangare ya nuna wa ɗayan takardun da zai dogara da su. Kawu guda ɗaya tal yake da ita, shaidar rabon gado da tsohon dagaci ya rubuta da ajami, wadda ta tsufa cikin gafaka. Lauyanmu ya ce a bari a yi kwafi, amma Kawu ya riga shi. Ya ɗauki ta asalin, ya kai wa lauyan abokin shari'arsa da hannunsa.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, da ka jira."

"In mutum ya ce nuna mini doki, sai ki nuna masa inuwarsa?" in ji shi yana dariya. "Ke dai ji da littattafanki, 'yar boko."

Takardar ba ta dawo ba. Tasu ta ciniki kuwa, ko kalarta ba mu taɓa gani ba. An ba su mako biyu, aka ƙara wata, aka sake ƙarawa. Kowane zama da uzurinsa, kowane uzuri aka karɓa. Kotu ta hana kowa taɓa gonar sai an yi hukunci, tumfafiya ta mamaye ta.

Yanzu ina aji uku a karatun lauya. Na bi ƙa'idojin kotu layi-layi, na tarar alƙali na da ikon korar ƙarar duk wanda ya bijire wa irin wannan umarni. Ikon na nan a rubuce, ba wanda ya ɗaga shi. Ko me Kawu zai ce yau? Ina jin zai girgiza kai ne kawai, ya ce mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

A ƙauye ana cewa gaskiyarsa ce ta cuce shi. Ban yarda ba. Kotu ta yi magana, shi ya ɗauke ta da nauyin da ita kanta ba ta ɗauka ba. Wannan halin shi ne gadon da ba a iya ƙwace mana ba, amma hali ba ya cika rumbu. An sake ɗage zaman zuwa bayan girbi. Matarsa, Inna Hajara, da 'ya'yanta huɗu, bana ma a gonar aro suka yi shuka. Allah ya jiƙan Kawu.