Ɗakin Inna Hajo a Bayan Landiroba

Duk wanda ya zauna Haɗeja a shekarun da aka koma tuƙin dama ya san Shu'ibu Direba, in bai san sunansa ba to ya san motarsa. Dogon Bafillace ne siriri, mai taka ƙasa a hankali kamar aro ya yi ta, ga taurin kai irin na mutanen da ba su da yawan magana. A ruga aka haife shi, can cikin fadama gabas da gari. Da annoba ta share shanun ubansa sai ya shigo birni yana saurayi, ya yi karen mota, ya iya tuƙi, har bayan samun mulkin kai ma'aikatar dabbobi ta ɗauke shi yana kai masu allurar shanu ruga-ruga. Aikin ya yi masa daɗi ƙwarai. Yakan ce shi bai bar kiwo ba, saniyarsa ce kawai ta koma shan fetur.

Ya auri Gumsu, Babarbariya 'yar masu bandar kifi, mace mai kaifin baki da farar zuciya. Suka haifi Talatu da ƙannenta, ya gina gidansa na ƙasa ya rufe da kwano, ya kafa bishiyar darbejiya a ƙofar gida. Ba shi da wani kuka da duniya sai abu guda, wato mahaifiyarsa.

Inna Hajo ta daɗe a ruga wajen ƙanenta Ɗahiru, tana lura da 'yan shanun da ta gada, har gwiwoyinta suka gaza. Nan aka ɗauko ta aka kawo ta gari, Shu'ibu ya ba ta ɗaki mafi sanyi a gidan. To, shi ɗan fari ne, kuma Inna Hajo ba ta wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da safe yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuwa ta amsa wa asabari. In tana son goro, kazar gidan take gaya wa cewa gari ya yi tsadar goro, shi kuma ya ji daga inda yake ya fita ya sayo. Haka suke zaune, kuma kowannensu yana ganin daidai ne.

Shekarar farko ta daure. A ta biyu, da kaka ta yi, ruwan kogi ya fara janyewa, garkuna suka riƙa bi ta burtalin bayan gari suna gangarawa fadama, sai tsohuwa ta soma ture kwano. A kawo tuwo ta taɓa ta rufe. A dama fura ta kurɓa ta ajiye. Gumsu ta yi miyar kifi har maƙwabta suna leƙe, a banza.

Wata rana Gumsu ta tare shi a zaure ta ce, "Baban Talatu, ruwa ba ya tsami banza. Tsohuwarka ba ciwo take ba. Jiya ta ce mini ita dai a ce ta sake farkawa ta ji warin garke. In aka bar ta haka, wallahi ba na jin za ta ga damina."

Maganar nan ta tsorata shi ƙwarai. Mayar da ita ruga kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Garken Kawu Ɗahiru ba ya zama wuri ɗaya da rani, ruwa yake bi, in ya janye su matsa. Ita ba ta iya tafiyar ƙasa, ba ta iya hawa takarkari, ba ta iya sunkuyawa ta shiga bukka, ga sanyin ƙasar fadama da ke cin gwiwa.

Ana cikin haka sai aka sa tsofaffin motocin ma'aikata a gwanjo, masu sitiyari a dama, tunda yanzu an koma tuƙin dama an sayo sababbi. Cikinsu har da gajeriyar Landirobar da Shu'ibu ya tuƙa shekara da shekaru. Tamfol ɗinta ya yayyage, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya sai da igiya take rufuwa, amma ya san injinta kamar yunwar cikinsa. Ya saye ta. Abokansa na tasha suka yi ta dariya, ya ce da su da tsohuwar zuma ake magani, ya ja abarsa sai rumfar Zarami mai walda.

Zarami Babarbare ne, don haka tsakaninsa da Shu'ibu ba a gaisuwa sai da tsiya. Ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ɗage tabarau ɗin walda ya ce, "Kai, Fulani ba sa rabuwa da abin mamaki. An ba ku gari kun ƙi, yanzu bukka za a sa wa taya?"

Shu'ibu ya ce, "Kai dai yi aikinka, bawana. In ka gama in ba ka nono ka sha."

Suka cire bencinan baya, suka shimfiɗa katako a ƙasa, suka kafa gado a gefe guda, ƙarƙashinsa wurin ajiye gero da tulu. Bayan kujerar direba Shu'ibu ya sa aka toshe da allon katako tun daga ƙasa har sama. Zarami ya ɗauko zarto zai huda taga a jiki, don direba ya riƙa leƙa fasinjansa, Shu'ibu ya riƙe masa hannu. Inna ba za ta taɓa kwanciya a inda zai waiwayo ya gan ta ba, in aka huda wurin nan an ɓata aikin gaba ɗaya.

Rufin ne ya ba su wahala. Duk da ciwon gwiwa, Inna Hajo ba ta yarda ta yi salla a zaune ba, ko da jingina da bango ne sai ta miƙe. Dole ɗakin ya ɗauki tsayuwar mutum. Amma Shu'ibu ya san fadama. Mota mai dogon kai in ta shiga kwazazzabo kifewa take, in ta tsira daga wannan rassan gabaruwa su tsige mata rufi. Saboda haka ya ce a yi rufin da zai kwanta in ana tafiya, ya tashi in an tsaya. Suka haɗa firam mara nauyi suka lulluɓe da kwano, suka yi masa ƙafafu masu naɗewa kamar almakashi, suka zagaye tsakanin da sabon tamfol mai tagogin gidan sauro. Ranar gwajin farko su biyu suka yi ta nishi kafin ya ɗagu. Zarami ya ce ai dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shu'ibu ya ce wannan jinkar tilas hannu ɗaya ya ɗauke ta, don a daji ba kullum ake samun na biyu ba. Sai da suka kwance sifirin na wani tsohon gadon ƙarfe suka ɗaura a ƙafafun, sannan rufin ya riƙa tashi da turi ɗaya. Gumsu ta saƙa tabarmar kaba aka manna ta ƙarƙashin kwanon saboda zafin rana.

Da aka zo yanke ƙafafun rufin, Zarami ya tambaya, "Tsohuwar, yaya tsawonta?"

Shu'ibu bai tsaya tunani ba, ya kai hannu daidai girarsa. Wannan ai ba abin tambaya ba ne. Yana rufe ido yake ganinta a gabansa kan burtali, doguwa miƙaƙƙiya, ƙore a jere a kanta, shi yana gudu-gudu a baya don kada ta yi masa nisa. Ya ce a ƙara taƙi guda saboda ɗankwali da ɗaga hannu wajen kabbara. Can sama kuma ya sa aka maƙala ƙugiyoyi don ragaya, inda za ta rataye ƙorenta.

Gumsu ta zo kawo tabarma ta ga rufin a ɗage. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baban Talatu, anya wannan bai yi..."

Ya katse ta, "Ni za ki gaya wa tsawon Inna?"

Ta ajiye tabarmar ta koma gida.

Ita aka aika ta kai wa tsohuwa labari. Ko da yake surukarta ce, wasan Barebari da Fulani ya ba Gumsu ƙofar da ba kowace matar ɗa ke samu ba. Ta ce, "Inna, an gama miki gida mai gudu. Sai ki shirya mu mai da ke daji, tunda gari ya fi ƙarfinki."

Inna Hajo ta ce, "Ni ba sardin ba ce da za a sa ni a gwangwani."

Shu'ibu yana zaure ya ji, ya ɗauka aikin ya tashi a banza. Amma washegari da ya zo gaisuwa, ya tarar tana tambayar kaza ko ta san inda aka jefa mata tsofaffin ƙorenta da faya-fayanta. Ya koma zaure yana murmushi shi kaɗai.

Suka fita da hantsi, Inna a kwance a baya, Gumsu na zaune kusa da ita, rufi a kwance. Suka bar titi suka gangara fadama. An yanke shinkafa, karmami ya bushe, ruwa ya koma tafki-tafki. Masunta na kwance bisa gora suna jan koma, tsuntsayen ɗinya da kirinjijiya sun rufe bakin ruwa, belbelu na bin sawun shanu. A wata laka motar ta nutse har gindi, Shu'ibu ya sa mata giyar ƙarfi, ta yi gurnani ta fice. Daga bayan allon ya ji tsohuwa tana gaya wa Gumsu sunayen tafkunan ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke da kada, da wanda ruwansa ke sa saniya ƙiba. Rabon da ya ji muryarta da ƙarfi haka har ya manta.

Kawu Ɗahiru ya tarye su a gindin wasu goriba, mutanen ruga suka kewaye motar. Shu'ibu ya juya ta yadda ƙofar baya za ta fuskanci garke, kamar yadda ake kafa ƙofar bukka. Ya kwance maɗauran, ya tura da hannu ɗaya, rufin ya tashi, tamfol ya miƙe. Mata suka yi ta salati. Ya ja gefe ya riƙe ƙofa, idonsa a kan taya.

Ya ji Gumsu ta kama tsohuwa ta miƙar da ita. Can Gumsu ta fashe da dariya ta ce, "Inna, ashe da raƙumin dawa za ku zauna a ɗakin!"

Dariyar ce ta sa ya ɗaga kai ba da niyya ba. Ga Inna Hajo tsaye a tsakiyar ɗakin, 'yar ƙarama, ta rankwafa, tsakanin kanta da rufin ya fi kamu guda. Tana riƙe da ƙwarya tana miƙa hannu wajen ragaya, ko kusa bai kai ba. In da a ƙasa take tsaye, da kyar kanta zai kai ƙirjinsa. Ya rasa lokacin da ta koma haka. Kullum yana bakin ƙofarta, kullum yana jin muryarta, amma shekara nawa bai dube ta ba.

Ya kau da kai ya ce wa Kawu Ɗahiru, "Kuskure aka yi wajen awo. Gobe zan mai da ita wurin Zarami a rage ƙafafun."

Inna Hajo ta miƙa wa Gumsu ƙwaryar. Ta dubi rufin, ta dubi shanun da ke kwance suna tuƙa, sannan ta ce, "Gumsu, gaya wa mai motar nan kada a taɓa mini rufi. Ragaya kawai za a sauko da ita. Awonsa bai yi kuskure ba. Haka nake ranar da ya yi mini kallon ƙarshe."

Shu'ibu ya saki ƙofar ya zagaya gaba, ya buɗe kan mota ya cusa kansa ciki, alhali babu abin da ya sami injin. Yana nan a sunkuye ya ji tana cewa a kawo mata kindirmo, kuma kada a kawo a ƙaramar ƙwarya. Ta shanye tas, ta ce nonon bana bai kai na da ba, a ƙaro.

Tun daga wannan shekara, da zarar ruwa ya fara janyewa sai a ga Landirobar ta bi burtali. Motar takan zauna a ruga duk rani, jikokin Kawu Ɗahiru mata suna kwana da tsohuwa. Shu'ibu yakan zo ran Juma'a bayan masallaci a kan keke, da goro da gishiri, in garke zai tashi ya kwantar da rufi ya matsar da ɗakin gaba. In hadari ya fara haɗuwa ya dawo da ita gari, ta yi damina tana yi wa kaza ƙorafin abincin Barebari, tana kuma cinyewa. Mutanen tasha da suka yi dariya suka koma zuwa kallo, har wani mai fataucin shanu daga Malam Madori ya nemi a yi masa irinta, Zarami ya ce shi ya gaji da yi wa Fulani bauta.

Kunya dai tana nan yadda take, ba ta kira sunansa ba, shi ma bai zauna kusa da ita ba. Sai dai in ya durƙusa gaisuwa yanzu, yakan ɗan ɗaga ido ya saci kallonta. Ita ma ta san yana yi. Sai ta kau da kai wajen shanu, ta daɗe tana gyara ɗankwali, har sai ya gama.