Harawar da na ɗaure da hannuna

Harawa kaya ce mai ruɗin direba. Ka loda ta har ta fi bodin mota tsawo, amma idan ka taka totur sai ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba. Kuma ba ta yin kuɗi sai a ƙarshen bazara, lokacin da abincin dabbobi ya ƙare, daidai lokacin da hadari ke tasowa daga gabas da iskar da ke yaye kwanon ɗakuna. Shi ya sa a shekarun da nake jan motar katako ta wani Alhaji a Karaye ba na rabuwa da buhunan yashi a ƙasan bodi don su ba motar nauyi. Idan na ga gabas ta yi baƙi, sai in sassauta tampol, in nemi fili in juya hancin mota wajen iska, in kashe ta in jira.

Wannan jiran ne ya ci mini aiki. Akwai wani da muka koyi tuƙi tare a hannun ubangida ɗaya, mai zaƙin baki, wanda ya daɗe yana haɗiye wa motata yawu. Shi ya riƙa zuwa zauren Alhaji yana cewa ni matsoraci ne, ina kwana a hanya ina jigilar yashi da man mutane. Wata safiya Alhaji ya karɓi makulli a gaban jama'a ya miƙa masa. Ina da iyali, ba ni da wata sana'a, sai na koma lodi. Na tsane shi, kuma ban taɓa ɓoye wa kaina hakan ba.

Da bazara ta zagayo, ina cikin masu lodi a garin Jajaye sai ga motata ta shigo, shi a kan sitiyari. Na hau bodi na duba, babu buhun yashi ko ɗaya. Muka jera dammunan harawa har suka kai inda ni nake tsayawa.

"Direba, a ɗaure haka?" na tambaye shi daga sama.

"Ƙara, malam," ya ce. "Yanzu motar tana hannun maza."

Na ƙara. Ya ce a ja tampol a ɗaure tamau, na ɗaure masa ɗaurin da ban taɓa yi wa kowa ba. Daga can sama ina ganin gabas ta fara haɗewa. Kalma ɗaya ta isa, amma na sauko na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Iskar ta zo kafin la'asar. Da ta lafa na hau babur ɗina na bi hanyar Rogo a hankali. A wani fili da babu ko bishiya na tarar da motar kwance a gefenta, tayoyi biyu a sama. Na sauka da gudu ina dubansa, don ni ba ransa nake nema ba. Sai na hango shi zaune a bakin kwalbati, takalmi ƙafa ɗaya, ko ƙwarzane babu. Tampol ya yage, awakin ƙauyen sun yi dafifi a kan harawar Alhaji. Na yi masa jaje yadda ya kamata, sannan na zauna na kalli awakin nan suna ci. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

Bayan an gyara motar Alhaji ya aiko kirana. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya turo mini makulli.

"Alhaji, zan karɓa," na ce, "amma ina bukatar yaron mota. A ba ni wanda ya kayar da ita."

Shi ma yana da bakunan ciyarwa, don haka bai ƙi ba. A tafiyarmu ta farko hadari ya tare mu wajen wani gari da ake kira Turawa. Na juya hancin mota, na kashe ta, na ce ya sauka ya sassauta tampol ya sa wa tayoyi waji. Ya sauka, da furfurarsa a gemu, iska tana kaɗa masa riga, ruwa yana dukansa. Na ɗaga gilas ina kallonsa ta madubi. Na jira in ji tausayinsa, ban ji ba.