Ya Cire Sunan Ƙauyenmu

Mawaƙin nan ya cire sunan ƙauyenmu daga waƙarsa, kuma ban yafe ba. Ba zan kira sunansa ba, tunda shi ma ya daina kiran namu.

Ina 'yar shekara tara na fara jin muryarsa, wata Laraba da kaka, muna sussukar dawa a bakin rumbu. Yayana Ɗanladi ne ya dawo daga Ribah da kaset a aljihu, ya ɗora rediyo kan turmin da aka kife, ya zuba batiran da muka shanya a rana tun hantsi. Mawaƙin ba ya farawa da kiɗa. Murya zalla yake saki, siririya, sai ya ja baiti guda ya dire kafin kalangu ya shigo, mata su karɓi amshi. Maganarsa gajera ce, yana maimaita ta har ta zauna a kan mutum. Bai wasa masu kuɗi ba. Ko soyayya zai yi, a bakin rijiya yake yin ta, ko a hanyar kasuwa. Amma abin da muke jira yana can ƙarshe: sai kiɗa ya yi ƙasa, ya shiga jero garuruwa, Zuru, Ribah, Wasagu, Sakaba, ya gangaro kan ƙananan ƙauyuka, har ya iso namu, Tungar Maiƙaho, ya ja sunan kamar mai kiran ɗansa daga gona.

A ranar, Inna ta saki taɓarya. "Ɗanladi, maido shi baya! Mu ya kira ko kunnena ne?" Aka maido. Aka sake maidowa, har zaren kaset ɗin ya cuɗe, muka warware shi da tsinke. Daga nan, ko muna ɗibar ruwa ko muna korar tsuntsaye a gona, jerin nan muke rerawa. Wadda ta tsallake gari ɗaya, ita za ta ɗauki tulun kowa. Da shi na san ƙasarmu, don ban shiga aji ba sai da na yi jika.

Yau babu kowa a Tungar Maiƙaho. 'Yan bindiga sun tashe mu, rumbunan sun rufta, Ɗanladi yana kwance can, ba mai zuwa kabarinsa. Muna zaune a Zuru, ɗaki ɗaya. Jikata Hauwa ba ta taɓa ganin ƙauyenmu ba. Rannan da la'asar ta kawo mini waya da murna, wai mawaƙin ya sake tsohuwar waƙar da sabon kiɗa. Muryar ta tsufa amma ita ce. Na riƙe hannunta na ce, "Saurara, yanzu zai kira gida." Ya ce Zuru, Ribah, Wasagu, Sakaba. Sai kiɗan fiyano ya rufe wurin. Duk ƙauyen da ya watse, ya tsallake shi.

"Kaka, ina namun?"

Na miƙa mata wayar. A da ko ba ka a taswira, kana cikin waƙa. Yanzu waƙar ma ta kwashe kayanta ta bar mu.

Da gari ya waye na ja Hauwa zuwa rumfar mai tura waƙoƙi a kasuwa. Na ce ya ɗauki muryata. Ya yi dariya, ya ce, "Mama, ina makaɗanki?" Na ce ya danna kawai. Na jero garuruwan duka, har waɗanda babu kowa cikinsu, na ja sunan namu yadda ake jan shi. Sannan na ce Hauwa ta maimaita.